Kircin yara: Kafin ki sayi kafson man tsirrai

Da zarar hunturu ya kankama a Kauru, Saminaka da Kafanchan, akwai tambayar da ba ta yanke mana a kantin magani. Yaro yana ta susa, ba ya barci kuma ba ya barin kowa ya runtsa, fatar bayan gwiwarsa ta yi baƙi ta yi kauri, to wane magani za a ba shi ya sha don a kashe abin daga ciki? Kullum nauyin maganar yana kan wannan "daga ciki" ɗin, domin yawancinmu mun taso da fahimtar cewa duk abin da ya feso a fata, dattin ciki ne ko ɓacin jini.

A 'yan shekarun nan tambayar ta sake salo. Uwa kan zo da hoton kwalba a wayarta, wadda ta gani a WhatsApp ko a hannun wata 'yar'uwa mai sayar da kayan ƙarin lafiya. A cikin kwalbar akwai kafso masu ruwan zinare cike da mai, a jikinta kuma an rubuta Evening Primrose Oil, ko Borage Oil, wani lokaci Starflower Oil. Na farkon man ƙwayar wani tsiro ne ɗan asalin Arewacin Amurka, mai fure rawaya da ke buɗewa da yamma, don haka bari mu kira shi man furen maraice. Na biyu da na uku abu ɗaya ne, man wani tsiro na yankin tekun Bahar Rum mai shuɗin fure kamar tauraro. Amsar da nake bayarwa a kanti ita zan ba ki a nan, uwargida: an gwada waɗannan mayuka a kan masu kirci sama da shekara 30, kuma ba su yi aiki ba. Mai yana da babban matsayi wajen kula da kirci, amma a kan fata, kuma ba kowane mai ba.

Wane kircin ake nufi?

Sai mun fara raba gardamar suna, saboda a nan ake fara asarar kuɗi. A Najeriya idan mutum ya ce yana da "eczema", sau da yawa ƙyasbi yake nufi, wato fararen tabon nan da ke fitowa a ƙirji, baya da wuya, marasa ƙaiƙayi sosai. Ƙyasbi ƙwayar fangas ce ke kawo shi, kuma maganinsa daban. Haka ƙazuwa, wadda wani ɗan mitsitsin ƙwaro ke haddasawa: za ki ga gida gaba ɗaya ana susa da dare, ƙurajen kuma sun fi zama a tsakanin yatsu, wuyan hannu da mazaunai. Ga kuma makero mai zagaye kamar an ɗora kwabo. Duk waɗannan ana warkewa daga gare su idan an sami maganin da ya dace.

Wanda muke magana a kansa yau shi ne kirci na gado, wanda likitoci ke kira atopic eczema. Yakan fara tun jaririntaka, a kumatu da goshi, sannan idan yaro ya fara tafiya ya koma lanƙwasar gwiwar hannu, bayan gwiwa, wuya da idon sawu. Littattafan Turawa suna cewa wurin yana yin ja, amma a fatarmu ba kasafai ake ganin jan ba. Wurin yakan yi duhu ko toka-toka, ya bushe, wani lokaci ya fito da ƙananan ƙuraje birjik a gindin gashi kamar tsikar jiki ta tashi. Idan susa ta daɗe, fatar takan yi kauri da layi-layi. Babbar alamarsa ƙaiƙayi ne mai zuwa ya tafi ya dawo, kuma idan kika bincika dangi, da wuya ki rasa mai asma ko mai yawan atishawa da ƙaiƙayin ido.

Ba baƙon ciwo ba ne a jiharmu. Likitan fata Dakta Husain Yahya ya wallafa wani nazari a 2007 a kan cututtukan fata kusan 6,000 da aka gani a Kaduna daga 2000 zuwa 2005. Ya gano cewa dangin kirci su ne kan gaba da kashi 35 cikin 100, sun ture ƙazuwa da cututtukan fangas da suka fi yawa shekara 30 kafin nan. Kirci na gado kaɗai ya kai kashi 13.8, alhali a da kashi 5.2 ne. Wato ya ninka har da ɗoriya.

Matsalar tana cikin ginin fatar ne. Ki ɗauki saman fata kamar katangar bulo: ƙwayoyin fata su ne bulo, wani irin maiƙo da jiki ke yi shi ne simintin da ya riƙe su. A jikin mai kirci simintin bai cika ba, don haka ruwan jiki yana tsiyayewa waje, ƙura da sabulu da ƙwayoyin cuta kuma suna samun ƙofar shiga, sai garkuwar jiki ta harzuƙa ta jawo kumburi da ƙaiƙayi. Yaro ya sosa, katangar ta ƙara rushewa. A 2006 masu bincike a Jami'ar Dundee da ke Sikotland suka gano cewa tawaya a wani sinadarin gina fata mai suna filaggrin tana daga cikin manyan dalilan wannan rauni a tsakanin Turawa. Kirci ba ƙazanta ke kawo shi ba, ba a ɗaukarsa wajen wasa ko kwanciya tare, kuma ba nonon uwa ne ya lalace ba. Ina jaddada na ƙarshen nan don na san surutun da matan gida kan sha a kansa.

Yadda kafson ya samo asali

Maganar shan mai don gyara fata ba daga sama ta faɗo ba, tana da tushe a kimiyya. A 1929 wasu ma'aurata masu bincike a Amurka, George da Mildred Burr, suka nuna cewa ɓerayen da aka hana wa maiƙo kwata-kwata a abinci fatarsu tana bushewa tana ɓarewa, kuma idan aka mayar musu da wasu nau'o'in mai sai su warke. Daga baya aka yi hasashen cewa jikin masu kirci ba ya iya juya man abinci ya zama wani sinadari da ake taƙaita sunansa da GLA, wanda ke taimakawa wajen kwantar da kumburi. Man furen maraice yana ɗauke da GLA kimanin kashi 8 zuwa 10 cikin 100, na furen tauraro kuwa ya haura kashi 20. Lissafin ya zo da sauƙi: tunda jiki ya kasa yi, a ba shi wanda aka riga aka yi.

Wanda ya fi kowa tallata wannan tunani shi ne wani likita ɗan Ingila, David Horrobin, wanda ya taɓa koyarwa a Nairobi, ya kuma kafa kamfanin Efamol mai sayar da man. A 1982 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani gwaji da aka yi a Bristol a kan mutum 99, wanda ya nuna alamun sauƙi. Daga baya hukumar magunguna ta Birtaniya ta ba man lasisi a matsayin maganin kirci da sunan Epogam, likitoci suka riƙa rubuta shi, gwamnati tana biya.

Sai dai tun 1985 wani likitan fata a Amurka, Joel Bamford, ya gwada man a kan mutum 123 bai ga wani bambanci ba tsakanin waɗanda suka sha shi da waɗanda aka ba kafson bogi. Da aka tattara gwaje-gwaje tara a 1989 aka ce man yana aiki, shi Horrobin yana cikin marubutan, kuma ba a saka gwajin Bamford a lissafin ba duk da girmansa. Gardama ta yi ta ja har watan Oktoba na 2002, lokacin da hukumar magungunan Birtaniya ta sake duba hujjojin ta janye lasisin Epogam saboda ba su kai a kira shi magani ba. A 2003 aka buga wani gwajin da aka yi wa man furen tauraro a Ingila, manya da yara 151, har tsawon mako 12. Duk da GLA ɗinsa ya ninka na ɗan'uwansa, sakamakon bai sauya ba.

Hukuncin da ya fi nauyi ya zo a 2013 daga ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattaro duk gwaje-gwajen da aka yi a kan magani ɗaya a auna su tare. Sun haɗa gwaji 27 da suka ƙunshi mutum 1,596, guda 19 a kan man furen maraice, 8 a kan na furen tauraro. A idon likitoci da kuma a bakin su masu ciwon, waɗanda suka sha man ba su fi waɗanda suka sha na bogi samun sauƙi ba. Shekara guda kafin nan, a 2012, wani nazarin na Cochrane ya duba sauran kayan ƙarin lafiya, irin su man kifi, man sunfulawa na sha, zinki da wasu bitamin, a gwaji 11, shi ma bai sami gamsasshiyar hujja ba. Abin da ke ba ni takaici shi ne, kayan da aka sallama daga asibitocin ƙasar da ta fara ba shi lasisi sama da shekara 20 da suka wuce, shi ne yau ake kawo mana a matsayin sabon sirri.

Na san abin da wata za ta ce: "Amma ɗiyar maƙwabciyata ta sha, kuma ta warke." Ban ƙaryata ta ba. Ki dai duba lokacin da aka fara ba ta. Iyaye ba sa neman magani mai tsada sai abin ya kai maƙura, wato wajen Janairu ko Fabrairu, lokacin da iska ta bushe ƙarƙaf. Mai sayarwa zai ce a yi haƙuri wata biyu zuwa uku kafin a ga aiki. Wata uku daga Fabrairu, ruwan farko ya sauka a Kudancin Kaduna, iska ta yi laima, fatar yara da yawa ta lafa da kanta. Kafso ya karɓi yabon da na damina ne. Ga shi kuma uwar da ta kashe kuɗi a kan kwalba takan ƙara ƙaimi wajen shafa wa yaron mai da kula da wankansa. Ban da haka, yara da dama kircinsu yana raguwa sosai da girma, ko an sha wani abu ko ba a sha ba.

Sai maganar aljihu. A zamanin Epogam, babban mutum yakan sha har kafso 12 a rana. Kwalba mai kafso 60 kwana biyar ke nan. Wanda ya ce miki ɗaya a rana ya wadatar, yana ba ki ɗan kaso ne na adadin da shi kansa bai yi aiki ba a gwaji. Kuɗin kwalba ɗaya zai saya miki man shafawar da zai kai yaron makonni.

Ba na cewa guba ne. Yawancin waɗanda suka sha ba sa ganin komai sai ɗan ciwon ciki, tashin zuciya, zawo ko ciwon kai. Amma man yana iya ƙara zubar jini ga mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin ko asfirin, da wanda ake shirin yi wa tiyata. An daɗe ana gargaɗin masu farfaɗiya a kansa. Tsiron furen tauraro yana ɗauke da wasu sinadarai masu illa ga hanta, waɗanda sai kamfani ya tace su da kyau kafin man ya zama lafiyayye. Mai ciki kada ta sha ko ɗaya ba da sanin likitanta ba. Kafso mai santsi kuma yana iya shaƙe yaro ƙarami.

"Ai yana da lambar NAFDAC," in ji masu talla. Yana da kyau ya kasance da ita, amma ki karanta ƙananan rubutun da ke jikin kwalbar. Magungunan tsirrai da yawa hukumar tana ba su lambar da ke ƙarewa da harafin L, wadda ke nuna an duba cewa ba su da haɗari a sha, kuma dole a rubuta a jikinsu cewa NAFDAC ba ta tantance iƙirarin warkarwar da aka yi ba. Lamba ba shaidar cewa abu yana maganin kirci ba ce.

Mai a kan fata

Nan ne inda mai yake da aiki na gaske, domin shi ne ke maye gurbin simintin da ya zube, ya tare ruwa a cikin fata. Amma mayuka ba ɗaya ba ne, kuma sakamakon bincike zai ba wasu mamaki.

Man zaitun yana da daraja a gidajenmu, na Musulmi da na Kirista, kuma abinci ne mai kyau. Sai dai a 2013 masu bincike a Jami'ar Sheffield ta Ingila sun sa manya 19 suna shafa ɗigo shida a hannu safe da yamma na tsawon makonni. Man zaitun ya raunana katangar fata har ya jawo ɗan kumburi, ko ga waɗanda ba su taɓa yin kirci ba, yayin da man sunfulawa ya bar katangar lafiya ya ƙara mata laima. Dalili shi ne zaitun yana da yawan wani maiƙo mai suna oleic, wanda ke kutsawa ya sassauta haɗin fata. Don haka ban ba da shawarar a riƙa mulke jariri mai kirci da shi kullum ba. Man habbatus sauda ma haka: matsayinsa a wajen jama'a sananne ne, amma mai ne mai zafi a kan fatar da ta tsage. A 2018 likitocin fata a Faransa sun ba da rahoton mata uku da fatarsu ta yi bororo ta saluɓe bayan sun shafa shi, har sai da aka kwantar da su. Kada a zuba shi a kan ɗanyen kirci, balle na jariri.

Man kwakwa tatacce, wanda ba a ƙona ba, ya fito da kyau a wani gwaji da aka buga a 2014 daga ƙasar Filifin, inda aka bi yara 117 na mako takwas. Waɗanda aka shafa wa man kwakwa sun fi waɗanda aka shafa wa farin man paraffin samun sauƙi. Man gyaɗa kuwa, duk da arha da samuwarsa, a bar shi a tukunya. Wani bincike na 2003 a Ingila ya danganta shafa wa jarirai mayuka masu man gyaɗa a kan fatar da ta yi ƙuraje da kamuwa da borin gyaɗa daga baya, wato jiki ya riƙa tayar da hankali duk lokacin da aka ci ta. A ƙasar ƙuli-ƙuli da kunun gyaɗa, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne a ɗora wa yaro.

Man kaɗanya namu yana da kauri, yana zama a fata, iyaye da yawa kuma suna jin daɗinsa. Sharaɗina uku ne: ya zama sabo bai yi ɗoyi ba, ba a zuba masa turare ba, kuma kin san hannun da ya fito, saboda dalilin da zan faɗa nan gaba. Man atili da ake ji da shi a nan yankin da Filato, da manja, wurinsu a abinci ne, yaro ya ci ya ƙoshi. Duk man da za ki fara shafawa, ko na kaɗanya ko alayyadi, ki gwada kaɗan a cikin damtsen yaron na kwana biyu zuwa uku tukuna. Idan wurin ya tashi, ki bar shi.

Idan kika tambaye ni abin da ya fi sauƙi da aminci, zan ce farin basilin marar ƙamshi. Ba mai launi ba, ba mai turare ba. A 2022 aka buga wani gwaji a Ingila a kan yara 550, aka kwatanta mayukan shafawa iri huɗu, daga mai ruwa-ruwa har zuwa mai kauri irin basilin, aka ga babu wanda ya fi wani. Ma'ana wanda ya fi shi ne wanda yaron zai yarda a shafa masa, kuma aljihunki zai iya ɗauka ba yankewa. Inda ake kuskure shi ne yawa. Ƙa'idar kula da kircin yara a Birtaniya ta ce yaron da abin ya mamaye jikinsa yana buƙatar giram 250 zuwa 500 a mako. A mako, ba a wata ba. Mu kuwa ƙaramar kwalba sai ta yi wata uku a kan madubi.

A shafa aƙalla sau biyu a rana, a hunturu har sau uku ko huɗu, a duk jiki ba wurin ƙurajen kaɗai ba, kuma a ci gaba ko bayan fatar ta yi kyau. Lokaci mafi dacewa shi ne da an fito wanka, fatar tana da sauran danshi. Ki ɗebo da cokali mai tsabta maimakon tsoma yatsa a kwalba, ki shafa a hankali kina bin kwanciyar gashi, ba murzawa ba.

Wankan kansa yana buƙatar gyara. Ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba mai zafin da muke yi wa jarirai ba, kuma kada ya wuce minti biyar zuwa goma. A ajiye soso. A daina zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan wanka, a daina sabulun magani, har da sabulun salo, domin dukkansu suna wanke ɗan maiƙon da ya rage. A tsane jiki da tawul ba gogewa ba. Kayan auduga su ne za su taɓa fata, rigar sanyi ta ulu ta hau sama. A ɗauraye omo sosai daga tufafi, a wanke kayan gwanjo kafin a sa, kada a turara kayan yaron da turaren wuta ko a shafa masa humra. A yanke farce. Wani abin da ba a cika faɗa ba: tufafi da zanin gadon da suka sha basilin ko wani mai suna saurin kama wuta, don haka a kula da yaron a wajen jin ɗumi da kusa da murhu.

Maganin da ake tsoro, da wanda ya kamata a ji tsoro

Idan kirci ya tashi sosai, mai kaɗai ba zai kwantar da shi ba. Ana buƙatar man shafawa na sitiroyid, kuma idan an yi amfani da shi daidai, magani ne mai aminci da aka shafe fiye da shekara 60 ana aiki da shi. Mai sauƙin ciki shi ne hydrocortisone kashi 1 cikin 100, wanda aka fi ba yara da kuma wuraren da fata take da laushi kamar fuska. Ana shafa shi a wurin da ya tashi kaɗai, sau ɗaya ko biyu a rana, yawanci kwana bakwai zuwa 14, a fuska kuma ƙasa da haka, gwargwadon yadda likita ya tsara. Ma'auninsa gaɓar yatsa ce: abin da aka matso daga kan yatsan manuniya na babba zuwa lanƙwasar farko ya isa wuri mai faɗin tafin hannu biyu. A bar tazarar kamar rabin sa'a tsakaninsa da basilin.

Abin tsoron shi ne mayukan nan masu haɗi uku da ake sayarwa a kowane kemis da tebur, waɗanda suka haɗa maganin fangas, maganin bakteriya da sitiroyid mai ƙarfi irin su betamethasone ko clobetasol. Suna kwantar da ƙuraje cikin kwana biyu, shi ya sa ake son su. Sai uwa ta matse bututu guda a cikin man kaɗanya ko basilin ta riƙa shafa wa jariri kullum har watanni, wasu ma masu sayar da "haɗin man jarirai" su ke zubawa ba tare da sun faɗa ba. Fatar jariri siririya ce, maganin yana ratsawa ya shiga jini. Sakamakon shi ne fata ta yi haske ta sirance, nankarwa ta fito, kumatu su kumbura, girma ya tsaya, kuma ranar da aka daina kircin ya dawo da ƙarfin da ya fi na da. Idan hasken fatar jaririnki ya zo daga kwalba, ba lafiya ba ce. Haka ƙwayoyin dexamethasone da prednisolone, dangin "sha ka fashe", da allurar da ake yi wa masu ƙaiƙayi a ɗakin kemis: sauƙin kwana kaɗan ne da bashi mai nauyi. Idan an riga an daɗe ana shafa wa yaro irin wannan haɗi ko ana ba shi ƙwayoyin, kada a tsayar rana ɗaya, a kai shi asibiti a tsara yadda za a janye.

Game da abinci, na ga yaran da aka hana wa ƙwai, kifi, madara, wake da gyaɗa gaba ɗaya saboda kirci, har suka rame, ƙaiƙayin kuma yana nan. Gaskiya ne wasu yara ƙalilan suna da borin wani abinci. Alamarsa takan zo da sauri bayan an ci: kumburin leɓe ko ido, ruɗu-ruɗu a jiki, amai, ko wahalar numfashi, kuma wannan na ƙarshen na gaggawa ne. In ba a ga irin haka ba, kada a cire wa yaro abinci sai da shawarar likita, kuma mai shayarwa ta ci gaba da shayarwa.

Akwai lokacin da za a bar kanti a nufi asibiti a ranar. Idan wurin ya fara tsatsafar da ruwa, ya yi ɓawo ruwan zuma ko ya fara mugunya, ko yaron ya yi zazzaɓi, bakteriya ta shiga. Idan kuma kika ga ƙananan ƙuraje masu ruwa sun feso a tare, sun fashe sun bar ramuka iri ɗaya kamar an huda da tsinke, yaron yana jin zafi ba ƙaiƙayi kaɗai ba, musamman a fuska ko kusa da ido, wannan ƙwayar cutar herpes ce ta hau kan kirci, kuma ba a kwana da ita a gida. Haka jaririn da bai kai wata shida ba wanda abin ya mamaye jikinsa, da yaron da aka yi mako biyu ana yi masa duk abin da na lissafa ba sauƙi.

Daga Kauru ko Kafanchan, a fara da babban asibiti mafi kusa, su za su tura ki gaba idan da buƙata. Akwai sashen likitocin fata a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da ke Kaduna, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Jami'ar Jos. Ranar da za ki je, ki zuba duk abin da aka taɓa shafa wa yaron ko aka ba shi ya sha a leda ki tafi da shi, har da haɗin da ba shi da suna da kwalbar kafson. Ki ɗauki hoton fatar a waya ranar da ta fi tashi, domin kirci yana da halin lafawa daidai ranar ganin likita.